Bakin Rijiya

Ka zo da littafi da igiyar awo,
kana tambayar shekarar da aka kafa unguwar nan.
Zauna, yaro. Ɗage wandon nan daga kan benci,
na mutane ne, ban gama kalmasa ba.

Shekara ban sani ba. Jakuna na sani.
Goma sha ɗaya Nomau ya koro daga arewa,
daga garin da yashi ya shanye rijiyarsa
har guga ta riƙa dawowa da ƙasa zalla.
Kanwa ya ɗoro, goro ya zo nema.
Amma kurmin Tonawa ba ya ƙaunar jaki.
Tsando ya bi su ɗaya bayan ɗaya,
na ƙarshen ya kwanta inda tireloli ke juyawa yau,
ana hangen hayaƙin Kumasi.
Wanda dabbarsa ta faɗi, da me zai koma?
To ka rubuta: mushen jaki ne ya kafa mu.

Ya kai wa mai ƙasa rago da mangalar kanwa.
Tsohon ya miƙa sanda, daga rimin can zuwa suri.
Babu takarda.
Shaidu uku ne, da tafinta mai in'ina.

Kafin ya kafa bukka sai ya kama haƙa.
Mutanen ƙauye suka zagaye shi suna dariya:
ƙasar da damina ke zuwa sau biyu,
ga rafi a gindin tudu,
wane mahaukaci ne ke tonon rijiya?
Bai tanka ba.
Wanda ya taɓa kwana da ƙishi
ba ya ɗaukar alkawarin hadari.
A gaba na tara ruwa ya taɓa idon sawunsa.
Shekara shida bayan haka rafin ya ƙafe,
masu dariyar suka yi layi da tuluna,
shi kuwa ya ara musu guga, bai tuna wa kowa komai ba.

Gida na biyu na Tinga ne, ɗan Moshi,
mai fasa koko a gonar wani.
Na uku na Zabarmawa, masu tallan yadi a ka.
Akosuwa ayaba ta kawo sayarwa,
ruwan sama ya tsare ta a zauren Nomau,
kuma bai ɗauke ba, in ji ta, sai da ta haifi uwata.
Shi ya sa muke cin tuwo da dare, sakwara ranar Lahadi,
muke faɗa da Hausa, mu yi ciniki da Tonanci.

Sai shekarar kora.
Aka ce wanda ba shi da takarda ya nemi hanya.
Na ga manyan motoci, ina ɗan bakwai,
na ga akuyar Tinga ɗaure a kan katifa.
Makulli goma sha bakwai aka bar wa kakata.
Shida aka dawo aka karɓa.
Sauran suna nan cikin gwangwanin madara
ƙarƙashin kekena. Ji nauyinsu.
Ƙofofin sun ruɓe tun tuni,
amma wa zan ce wa na zubar?

Rimin, an sare shi don wayar lantarki.
Surin yana ƙarƙashin ɗakin wani fasto.
Rijiyar kuma duba-gari suka sa aka rufe da siminti,
kanta ne shagon can mai shuɗin fenti
inda jikar Tinga ke sayar da ruwan leda.

In taswirarka na buƙatar tsakiya, ga ta nan.
Zo da asuba, kafin janareto su tashi,
ka durƙusa, ka ɗora kunne a kan simintin.
Ni gwiwa ta hana ni bara.
Ka zo ka gaya mini ko yana nan.